Fitilar hagu da ta ƙi ɗagowa: nazarin matsalar wata Mazda 323F

A tsakiyar sanyin hunturu ne wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya kawo mini motarsa gareji, ƙirar Mazda 323F ta shekarar 1991, irin mai fitilun gaba da suke kwance daidai da bonet, sai an kunna su sannan su ɗago. Kamfanin Mazda ya ƙera wannan samfurin daga 1989 zuwa 1994, a Japan ana kiransa Familia Astina, kuma ta wannan dattijon ta shigo ne ta Kwatano tare da sauran motocin Beljiyam. Irin waɗannan fitilu yanzu sun zama tarihi, domin tun daga 2004, lokacin da aka daina ƙera Lotus Esprit da Corvette samfurin C5, manyan kamfanonin mota ba su ƙara fitar da mota mai su a kasuwa ba. Saboda haka yawancin samarin da ke koyon wayarin a yau ba su taɓa buɗe motonsu ba, wato ɗan injin lantarkin da ke ɗaga su, kayan gyaransu kuma kullum sai ƙara wuya suke yi.

Kokensa ya kasu biyu. Na farko, fitilar hagu takan taso ta tsaya a rabin hanya tana gunji, musamman da asuba, har sai ya fito ya taimaka mata da hannu. Na biyu, wasu lokutan takan ɗago ta koma, ta ɗago ta koma, kamar mai ƙifta ido, ba ta tsayawa sai ya kashe makunni. Kafin ya zo wurina mutum uku sun taɓa motar. Na farkon ya ce fis ne ya yi rauni, ya sa masa wanda ya fi na asali girma. Na biyun ya ce haƙoran cikin moton sun cinye, ya sa aka sayo wani na Beljiyam aka ɗaura, amma ba a yi mako guda ba matsalar ta dawo. Na ukun ya ba shi shawarar a ɗaga fitilun biyu, a ɗaure su da waya, a yanke musu wuta, kowa ya huta. Dattijon bai yarda ba, kuma ya yi abin da ya taimake mu ƙwarai daga baya, wato ya ajiye tsohon moton a but, a nannaɗe cikin buhu.

Sai an fahimci yadda abin yake aiki sannan binciken zai yi ma'ana. Moton da ke ɗaga wannan fitila ɗan'uwan moton waifa ne. Gefe ɗaya kawai yake juyawa, ba ya komawa baya. Yana juya wani faifai mai haƙora, faifan kuma yana juya ɗan gajeren hannu na ƙarfe wanda aka haɗa da gidan fitilar da sanda. Rabin zagaye yana ɗaga fitila, sauran rabin yana sauke ta. A jikin faifan akwai farantin jan ƙarfe wanda aka bar wa giɓi, da 'yan yatsun ƙarfe masu gogarsa yana juyawa. Idan aka kunna makunni, wutar umarnin ɗagowa takan bi ta yatsa ɗaya ta ratsa farantin zuwa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, rilen ya kama, moto ya samu babbar wuta ya fara juyawa. Da zarar fitila ta kai sama, wannan yatsan sai ya faɗa cikin giɓin, wutar rile ta yanke, moto ya tsaya cak. Umarnin saukowa yana da nasa yatsan, kuma haka shi ma yake yi. Ke nan abubuwa huɗu ne dole su isa kowane gefe: babbar wuta wadda ke nan kullum ko an zare makulli, umarnin ɗagowa, umarnin saukowa, da kuma hanyar da wuta za ta koma batir ta jikin ƙarfen mota, wadda masu wayarin ke kira at.

Wannan bayanin ne ya sa tun farko ban gamsu da maganar cinyewar haƙora ba. Cuta ce sananniya, amma ta wasu motocin Amurka ce, irin su Pontiac Firebird da Corvette, waɗanda motonsu ke juyawa gaba da baya, yana tura fitila har ta daki matokari sannan a yanke masa wuta. Wannan dukan na kullum shi ke cinye haƙoran roba, alamarsa kuma ita ce ƙarar gurza da ke ci gaba na ɗan lokaci bayan fitila ta riga ta tsaya. Moton da ke zagayawa gefe guda ba ya dukan komai, don haka haƙoransa sukan daɗe. Na tambayi dattijon ko ya taɓa jin irin wannan ƙarar, ya ce bai taɓa ba.

Ban ɗauki ko sukundireba ba sai da na gama tambayarsa. Na ce, "Baba, wajen saukowa ta taɓa yi muku gardama?" Ya ce ko sau ɗaya. Na ce, "To, wannan maɓallin na dashbod da ke ɗaga fitilun ba tare da ya kunna su ba, kuna amfani da shi?" Ya yi ɗan shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ka tuna mini. Duk ranar da zan wanke mota da shi nake ɗaga su, kuma ba ta taɓa tsayawa a hanya ba, sai dai ta hagun takan biyo bayan ta dama." Na kuma tambaye shi yaushe ƙiftawar ta fara, ya ce bai san ta ba sai bayan da aka canza moto.

Waɗannan amsoshi uku sun rage aikin da fiye da rabi. Moton da ke iya ɗaga fitila idan ƙwan fitilar a kashe yake, amma ya gaza idan ƙwai yana ci, ba shi ne mara lafiya ba. Akwai wani abu da shi da ƙwan suke tarayya a kansa, wanda ba ya iya ɗaukar nauyinsu tare. Saukowa kuwa ba ta ba da wahala saboda a lokacin an riga an kashe ƙwai, nauyin fitilar kuma yana taimakon moto. Ƙiftawar da ta zo tare da sabon moto ta nuna cewa matsala biyu ce daban a gabanmu, ba ɗaya mai fuska biyu ba. Ga shi kuma gefen dama lafiya lau yake aiki, wanda ya wanke makunnin sitiyari da duk abin da gefen biyu suka haɗu a kai.

Duk da haka na fara da ɓangaren ƙarfe, domin babu amfanin auna wuta a kan abin da ya cije. A saman kowane moto akwai ɗan murɗi da ake juyawa da hannu a ɗaga fitila idan wuta ta ƙi. A nan akwai haɗarin da nake nanata wa yaran shagona kullum: dole a cire fis ɗin moton ko kan batir kafin a taɓa wannan murɗin. Babbar wutar tana nan ko mota a kashe take, kuma juyi kaɗan ya isa ya mayar da yatsa kan farantin, moto ya tashi da kansa, sandar ta datse hannun mutum. Bayan mun cire fis, na zare sandar daga hannun moto na ɗaga gidan fitilar da hannuna. Ya ɗan yi tauri, domin tsohon giris ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar ƙullu, amma na dama ma haka yake, kuma shi yana tashi. Taurin yana ƙara wa moto nauyi, sai dai ba shi ne tushen matsalar ba.

Batir ya nuna volt 12.5 injin a kashe, wanda ba laifi. Na zare soket ɗin moton hagu na auna bakunansa ɗaya bayan ɗaya da mita. Babbar wuta ta nuna 12.4. Umarnin ɗagowa yana zuwa idan an kunna, na saukowa yana zuwa idan an kashe. Na sa mita tsakanin bakin at da jikin mota, ta yi ƙara, alamar hanya a buɗe take. Duk wanda ya tsaya a nan zai rantse cewa wayoyi ba su da laifi, moto ne ya mutu, kuma ina kyautata zaton a nan ne wanda ya canza moton ya tsaya. Ba na ganin sakacinsa sosai, domin abin da mita ta nuna masa gaskiya ne, illa dai ba ita ce tambayar da ya kamata a yi mata ba. Mita irin ta zamani wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba, saboda haka ko silin waya ɗaya ne ya rage, ko tsatsa ta cika mahaɗa, za ta nuna volt 12 cif. Kamar a buɗe famfo ne a ga ɗigo ya fito a ce bututu lafiya yake, alhali ba a gwada cika bokiti ba.

Gwajin da ya fallasa matsalar mai sauƙi ne. Ina da ƙwan fitilar gaba mai watt 55 da na yi wa wayoyi biyu, wanda ke jan wutar da ta kai kusan amfiya huɗu da rabi, wato kwatankwacin aikin gaske. Na haɗa shi tsakanin bakin babbar wuta na soket ɗin da kan batir mara wuta, ya haska fes. Wannan ya wanke fis da wayar da ta kawo wuta. Sai na mayar da ƙafarsa ta biyu kan bakin at na soket ɗin, nan take haskensa ya koma ja-ja, kamar aci-balbal. Daga nan na mayar da soket mazauninsa, na soka tsinken mita ta bayansa a kan wayar at, ɗaya tsinken a kan batir mara wuta, na sa yaro ya danna maɓallin dashbod. Mita ta nuna kusan volt 3 yayin da fitilar ke tasowa a hankali. Da aka sauke ta aka kunna da makunnin sitiyari, ƙwai yana ci, sai adadin ya haura 5, fitilar ta tsaya a rabi tana gunji. A hanyar at mai lafiya, abin da ke ɓacewa bai kamata ya wuce volt 0.2 ba.

Na bi baƙar wayar da hannu cikin damin wayoyi har inda ta ƙare, a bayan fitilar hagu, inda aka ɗaure zoben ƙarfen da ke bakinta da noti a jikin ƙarfen gefe tare da wayar at ta ƙwan. Robar da ke bakin zoben ta yi launin ƙasa ta ƙandare, alamar wurin ya daɗe yana zafi. Da na kwance notin sai na tarar da fenti a ƙarƙashin zoben, fentin da ba na kamfani ba, a kansa kuma tsatsa da farin gari. Na tambayi dattijon ko an taɓa buge motar ta wannan gefen, ya ce shekaru uku da suka wuce wani mai babur ya goge ta, aka miƙe ƙarfen aka yi fenti. Wanda ya yi aikin ya fesa fenti a wurin sannan ya mayar da zoben a kai, ya zamana wuta ba ta da hanya sai ta zaren notin. Ta yi ta lallaɓawa ta nan har damina uku suka sa tsatsa ta ci zaren.

Da wannan duk alamomin farko suka fito fili. Mahaɗar ta zama matsattsiyar ƙofa mai turjiyar da ta kai kusan om ɗaya, kuma a irin wannan ƙofa kowace amfiya da ta wuce sai ta bar kusan volt ɗaya a baya. Moto shi kaɗai yana rasa kamar 3, ya saura da 9, waɗanda suka ishe shi ya ɗaga fitila ko da a makare. Idan ƙwai ya shigo, su biyun suna cunkoso a ƙofa ɗaya, abin da ya rage wa moto bai fi 7 ba, kuma a tsakiyar tafiya ne hannun ƙarfen yake ɗauke da nauyi mafi yawa, shi ya sa a nan yake tsayawa. Da asuba giris ya daskare, moto yana buƙatar ƙarin ƙarfi a daidai lokacin da ba zai samu ba. Da na nuna wa dattijon fitilun biyu a jikin bango kafin gyara, shi da kansa ya lura cewa ta hagun ta fi ta dama dushewa, ya ce ya daɗe yana zargin ƙwan ne ya tsufa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zafin: volt 5 da amfiya 6 ko 7 a kan zobe ɗaya sun haura watt 30, a wurin da bai kai faɗin farce ba, kusa da damin wayoyi, ga kuma fis da aka ƙara wa girma.

Gyaran bai ɗauki minti ashirin ba. Na goge wurin da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, na yanke tsohon zoben tare da ɗan tsayin wayar da ya ƙone, na matse sabo na bi shi da dalma, na sa sabon noti da washa mai haƙora, sannan na shafe saman da giris bayan an ɗaure, ba kafin a ɗaure ba. Da aka sake aunawa, ƙwai yana ci moto yana juyawa, abin da ke ɓacewa bai kai volt 0.1 ba. Fitilar ta tashi tare da 'yar'uwarta.

Amma a gwaji na shida ƙiftawar ta dawo, kuma yanzu ta fi da yawaita. Dalilai biyu ne aka fi sani da kawo wannan. Ko dai bakin rile ya narke ya manne, ko kuma yatsan ba ya samun yankewa a giɓin farantin. Bambanta su ba wuya: rilen da ya manne ba ruwansa da makunni, moto zai ci gaba da zagayawa har sai an cire fis. Namu kuwa, kamar yadda dattijon ya faɗa tun farko, da an kashe makunni sai ya sauko ya tsaya daidai, wanda ya nuna rile yana saki, gefen saukowa ma lafiya yake. Laifin yana giɓin ɗagowa.

Na sauke moton Beljiyam ɗin na buɗe murfin faifansa. Kawunan sukurorin sun nuna an taɓa buɗe shi kafin ya zo hannunmu. Yatsan ɗagowa ya ɗan karkace gefe, maimakon ya bi ta tsakiyar giɓin sai yana bi ta bakinsa, tsakaninsa da jan ƙarfen bai fi kaurin gashi ba. Wannan ɗan tsakanin kuma garin jan ƙarfe da gogayyar shekaru ta tara ya cakuɗe da tsohon giris ya cike shi. Abin lura a nan shi ne, rile yana buƙatar wuta sosai kafin ya kama, amma idan ya riga ya kama, 'yar kaɗan ta isa ta riƙe shi. Wannan dattin ba zai iya tayar da moto daga tsaye ba, amma yana iya hana rile saki na ɗan lokacin da faifan ke wucewa, kuma da ya wuce sai yatsan ya sake hawa farantin, zagaye ya sake farawa. Shi ya sa gyaran at ya ƙara fito da cutar: wuta ta cika, moto ya ƙara sauri, abin da ke ratsa dattin ma ya ƙaru. Da ban tsaya na maimaita gwajin ba, da dattijon ya tafi ya dawo washegari yana ganin na ƙara ɓata masa mota.

Sai muka kwance buhun da ke but. Na ɗora tsohon moton a kan benci, na ba shi babbar wuta da at kai tsaye daga batir, na taɓa bakin ɗagowa, ya yi rabin zagaye ya tsaya. Na taɓa na saukowa, ya cika zagayen ya tsaya. Sau ashirin na yi haka bai kuskure ba. Na buɗe shi duk da haka, haƙoransa cikakku, kabon ɗinsa da saura. Na wanke farantin da yatsun, na sa sabon giris a haƙoran, na shafa kaɗan ƙwarai a hanyar yatsun, domin yawansa a nan shi ke tara gari. Shi muka mayar kan motar. Wajen ɗaurawa akwai ƙa'idar da ake yawan mantawa: sai an haɗa soket an bar moto ya zagaya ya tsaya a matsayinsa na ƙasa da kansa, sannan a cire fis, a kwantar da murfin fitila daidai da bonet, a ɗaura hannun ƙarfen. Idan aka ɗaura shi a kan kuskure, fitilar za ta riƙa wuce sama ta ɗan sunkuyo, haskenta ya faɗi ƙasa, murfin kuma ya ƙi kwanciya. Bayan haka muka wanke magaman gidajen fitilun biyu muka sa musu giris, na cire babban fis ɗin na mayar da mai adadin da aka rubuta a murfin akwatin, na kuma kwance at na gefen dama na goge shi, duk da awonsa bai nuna laifi ba.

Shawarar ɗaure fitilun a sama ba wauta ba ce gaba ɗaya, kuma na san motoci da yawa da ke yawo a haka. Inda moto ya ƙone kuma babu wani, ni ma ita zan bayar, da sharaɗin a ɗaga su da murɗin hannu a bar sandar a haɗe, domin haƙoran moton su ne ke riƙe fitila kada ta yi rawa, waya kuwa ba ta iya wannan. Amma a wannan motar da an bi ta, da an rufe bakin mai ba da labari ne kawai. Zoben zai ci gaba da zafi a ƙarƙashin wutar ƙwai kowane dare, fitilar hagu ta ci gaba da dushewa, har ranar da za ta ɗauke wa dattijon a kan hanya.

Moton Beljiyam ɗin ma ban bar shi haka ba. Na miƙe yatsan, na wanke giɓin, na gwada shi a benci har na gamsu yana tsayawa, sannan na rubuta "hagu" a jikinsa na mayar cikin buhun. Bayan mako biyu dattijon ya biyo ta gareji da sassafe, sanyi bai sake ba, ya kunna fitilun a gabana sau uku suka tashi tare. Abin da ya rage shi ne robar da ke bakin sandar dama, wadda na ga ta fara sakwarkwacewa har fitilar tana ɗan kaɗawa idan an taɓa ta, kuma mun yi da shi cewa zai kawo motar idan na samo wata.